Takalmin sanda na jariri mai murɗaɗɗiyar ƙafa: yana aiki, amma sai an daure

Ɗana ya zo duniya ƙafafunsa biyu a murɗe, tafin yana kallon ciki. An yi masa gyara irin na Ponseti, likitan nan ɗan asalin Sifen da ya yi aiki a Jami'ar Iowa ta Amurka: ana miƙe ƙafar a hankali, a sa siminti, a canza duk mako, daga ƙarshe a ɗan tsaga jijiyar agara. Da aka cire simintin ƙarshe aka ba mu takalmin, kuma shi nake son magana a kai.

Takalma ne biyu buɗaɗɗun baki, an kafa su a kan sandar ƙarfe mai faɗin kafaɗun yaro, kowace ƙafa an juya ta waje kamar digiri 60 zuwa 70. Ba ya gyara komai, riƙe gyaran da aka riga aka yi ne aikinsa. Wata uku na farko awa 23 a rana, bayan nan sai lokacin barci har shekara huɗu ko biyar. Yawancin ƙafafun da ke sake murɗewa, sakaci da wannan takalmi ne sanadi.

Daren farko kam kuka muka sha. Ya saba harba ƙafa ɗaya ɗaya, sanda ta hana. Sai na riƙa kama sandar ina lanƙwasa masa gwiwoyi tare, har ya gane.

Abin da ya fi ba ni wuya diddige ne. In bai zauna daram a ƙasan takalmin ba, ƙafar tana zamewa, fata ta yi ja, ta yi bororo. Akwai ɗan rami a baya da ake leƙa diddigen, wanda ya ƙirƙiro shi ya kyauta. Maɗaurin tsakiya nake fara ja, kuma safar auduga mai laushi marar ninki nake sa masa. Ban ji daɗin sandar ba: tsirara take, tana bugun gado, tana bugun haƙarƙarina wajen shayarwa, sai da na naɗe ta da tsumma.

Yanzu yana takawa da tafinsa shimfiɗe a ƙasa, har da gudu. Da ƙafarsa ta girma yatsu suka fara leƙowa sosai, mukan koma asibiti a canza masa babba.