Kafin ka sayi sandar kallo ta talabijin a Zariya

Ranar Asabar ɗin da ta wuce Yaya ya kira ni gidansa a Tudun Wada. Ya sayo wani ɗan akwati baƙi a Sabon Gari, kwalinsa an rubuta 8K da manyan haruffa, mai shagon ya ce masa duk tashoshin duniya na ciki kyauta. Muka jona. Rimot ka danna sau ɗaya, sai ka ƙirga uku kafin ya motsa. YouTube ya buɗe da ƙyar, Netflix kuwa hotonsa dishi-dishi kamar ana kallo ta cikin hazon Disamba. Ya dube ni ya ce, "Ƙanena, kuɗin nan sun tafi ke nan?" Ban iya ɓoye masa ba.

Sandar kallo 'yar na'ura ce da ba ta wuce tsawon yatsa biyu ba. Ana soka ta a ramin HDMI na bayan talabijin, ta kama Wi-Fi, sai talabijin ɗinka na da ya riƙa nuna YouTube da Netflix da sauransu. Abin da zai fara yanke maka hukunci shi ne bayan talabijin ɗin. Juya shi ka duba. In akwai HDMI, shi ke nan. In ramukan ja da fari da rawaya kawai yake da su, sai ka haɗa da ƙaramar na'urar da ke mayar da HDMI zuwa AV, kuma hoton ba zai yi kyau sosai ba.

Fire TV Stick na kamfanin Amazon shi ya fi suna, tun 2014 ake yin sa. Yana da sauri, rimot ɗinsa na da inganci, kuma a cikin kwalin akwai ɗan guntun kebul na ƙarin tsawo. Kada ka yar da shi, domin in talabijin ɗin manne yake da bango, shi zai ba sandar wurin shan iska, abin da za ka gode masa a zafin Afrilu. Inda yake da ɗan wahala shi ne dole ka buɗe asusun Amazon kafin ya yi aiki, manhajojinsa daga rumbun Amazon suke zuwa ba Play Store ba, kuma fuskar farko cike take da tallan finafinan da wasunsu ba sa buɗewa a nan. In na hannu za ka saya, ka tsaya a goge shi tas a gabanka, ka sa naka asusun kafin ka miƙa kuɗi.

Na Xiaomi shi nake yawan nuna wa mutane, saboda tsarin Android ne irin na wayar da ke aljihunka. Da adireshin Gmail ɗinka za ka shiga, ka tarar da Play Store, kuma abin da kake kallo a waya kana iya tura shi talabijin da taɓawa ɗaya. Amma iri biyu ne, kuma a nan ake kuskure. Mi TV Stick na 2020 ƙwaƙwalwar aikinsa gigabait 1 ce, da ka loda masa manhajoji sai ya fara nauyi. Mai 4K ɗin, wato mai fitar da hoto mai kaifi sosai, yana da gigabait 2. Ko talabijin ɗinka ba 4K ba ne, ƙarin kuɗin ya cancanta saboda saurin kawai.

Chromecast na Google ma yana da kyau, musamman mai rimot, sai dai kamfanin ya daina ƙera shi a 2024, don haka abin da ke kasuwa ragowa ne ko na hannu. Roku kuwa ban ba ka shawara ba. An gina shi ne don kasuwar Amurka da wasu 'yan ƙasashe, da yawa daga tashoshinsa a rufe suke a Najeriya.

Mu koma kan akwatin Yaya. Irin waɗannan marasa sunan kamfani ba su da shaidar amincewar Google, shi ya sa Netflix ba ya ba su hoto mai kyau komai ƙarfin intanet ɗinka. Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. A 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi cewa wasu daga cikinsu suna zuwa da muguwar manhaja tun daga masana'anta, wadda ke amfani da intanet ɗin gidanka a ɓoye. Ka sa Gmail ɗinka a irin wannan, ka ba ɓarawo ajiyar mabuɗi. Tashoshin ƙwallo na "kyauta" da ake yi maka romon baka da su kuma na sata ne, yau suna nan gobe babu, kuma babu wanda za ka kama.

Sai maganar data, wadda ita ce kuɗin gaske. Sandar sau ɗaya za ka saya, data kuwa kullum ce. Bisa lissafin Netflix, awa ɗaya na cin kusan gigabait 1 a matsakaicin hoto, har 3 a HD, har 7 a 4K. Gidan da yara ke kallo awa uku kullum a HD na iya cinye gigabait 9 a yini. Shi ya sa ranar da ka jona, kafin kowa ya zauna, shiga saiti ka rage hoton zuwa 720 ko 480, ka kuma kashe tsarin da ke sa wani fim ya fara da kansa bayan wani ya ƙare. Raba data daga waya yana yi na ɗan lokaci, amma wayar za ta yi zafi, kuma da ka fita kallo ya tsaya. MiFi ko rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, ya fi. Kafin ka zaɓi layi, gwada MTN da Airtel da Glo a cikin falon da kansa da daddare, don abin da ke gudu a Samaru ba lallai ya ratsa katangar ƙasa ta cikin birni ba.

Wuta kuma, volt 5 kawai sandar take sha. Mutane na son soka ta a ramin USB na talabijin, amma da yawa ba sa ba da isasshen ƙarfi, sai ka ga tana mutuwa tana tashi. Yi amfani da cajarta ta asali a soket. In ana yawan ɗauke muku wuta, jona ta da MiFi ɗin a fawa bank mai kyau, yadda in an tayar da janareta ba sai ka jira ta sake tashi daga farko ba.

Yaya dai ya koma Sabon Gari ranar Litinin, ya cika kuɗi aka ba shi Xiaomi mai 4K. A shagon ya sa aka jona, ya shiga Play Store ya buɗe Netflix da idonsa kafin ya bar wurin. Da muka dawo gida na saita masa 720, Anti ta karɓi rimot ta nemo tafsirin da ta rasa a azumin bara.