Shagon tsuntsaye a Gusau: tantabaru lafiyayyu, amma ga ɗan biri a ɗaure

Shekara biyu ke nan ina sayen tantabaru da zabbi a wani shagon tsuntsaye da ke cikin garin Gusau, kuma ban taɓa dawowa gida da tsuntsu marar lafiya ba. Mai shagon yana share kejinansa, yana sauya ruwan sha safe da yamma, kuma idan an yi ciniki ba ya ƙara ko kwabo daga baya. A wannan fanni ba ni da abin zargi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ɗan jan birin da na tarar ranar Asabar a bayan buhunan dusa, an ɗaure shi da igiya a ƙugu har gashin wurin ya zube, ga ɓawon mangwaro a gwangwani gabansa. Da na tambayi takardar izininsa, sai mai shagon ya yi dariya ya ce, "Haba Alhaji, biri ma sai da takarda? Mafarauci ne ya kawo, kuma yara suna son sa."

To, akwai takarda kuwa. Dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016 aka ɗaga tararta daga naira 1,000 zuwa miliyoyi, ta haramta kama manyan birai irin su cimfanzi da gwaggon birin Kuros Riba (wato gorila) ko cinikinsu gaba ɗaya, sauran birai kuma ba a cinikinsu sai da lasisi. Nijeriya tana cikin yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda ta tsara cinikin namun daji da tsirrai masu fuskantar ƙarewa tsakanin ƙasashe, hukumar kula da dokokin muhalli ta ƙasa, NESREA, kuma tana cikin masu sa ido a kan aiwatar da ita. Na yarda cewa rashin sani ne ya fi yawa a lamarin mutumin nan, domin mun taso muna kallon masu wasa da biri a kasuwanni babu mai cewa uffan, amma ɗan biri ba ya rabuwa da uwarsa da daɗi, sau da yawa sai an harbe ta, kuma idan ya girma cizo yake yi.

Na biya kuɗin tantabaruna huɗu, na kuma gaya masa cewa ba zan sake kawo yarana shagon ba muddin birin yana nan. Ya ce zai yi magana da mafaraucin, amma bai kwance igiyar ba har na fita.