Kuɗin ɗan ci-rani: bijimi ko bulo?

Idan yaro ya turo kuɗi daga Jidda ko Legas, a ƙauyukanmu na wajen Gumel muhawara ɗaya ce: a sayi shanun huɗa, ko a tayar da ɗaki?

Masu son gini suna da hujja. Ɗakin ƙasa duk damina sai an yi masa yaɓe, wani ma ya rufta cikin dare. Bulo da kwano kuwa ba ruwansu da kiwo, ɓarawo ba ya kora su. Sai dai tun da Naira ta faɗi a 2023, siminti ya yi tsada, shi ya sa kangon gini ya yi yawa, an kai linta kuɗi sun ƙare.

Ni dai na fi karkata ga shanu. Bijimai biyu daga kasuwar Maigatari ranar Alhamis za su yi maka huɗa, su ja amalanke, ka yi wa maƙwabta aiki a biya ka, ga taki a gona. In sun yi ƙiba a sayar, a maye da ƙanana. Wahalarsu harawa da dusa lokacin bazara, da ciwo. Baffana ya taɓa asarar guda, ya kwana uku bai ci tuwo ba.