Kirsimetin Yuli a Amurka: me za a saya, me za a ɗauko haya, me za a bari a kanti

A tsakiyar watan Yuli, rana na dukan ƙeya, sai ka ga maƙwabcinka a Amurka ya kafa bishiyar Kirsimeti a bayan gida, yara na wasan ruwa da jar hula a ka. Kirsimetin Yuli ke nan. Ana danganta farkonsa da wani sansanin hutun 'yan mata mai suna Keystone a garin Brevard na jihar North Carolina, inda aka yi shi a ranakun 24 da 25 ga Yuli, 1933. A Ostireliya ma ana yi, musamman a tsaunukan Blue Mountains tun 1980, sai dai su Yuli tsakiyar sanyinsu ne, don haka shawarar da ke nan ba tasu ba ce.

Ba ranar ibada ba ce a kalandar coci, taron zumunci ne kawai. Na ga dalilin da ya sa iyalan Kiristocinmu da suka zo daga Jos, Kaduna da Zariya suke karɓarsa hannu biyu. A Disamba wannan ya tafi gida, waccan tana aikin dare a asibiti, ga dusar ƙanƙara ta tare hanya. A Yuli kuwa makarantu na hutu, kuma mai zuwa daga wata jiha zai tuƙo motarsa ba fargaba.

Abin da nake so mai shirin wannan biki ya riƙe shi ne: duk kayan Kirsimeti an ƙera su ne don sanyi da dogon dare, Yuli kuwa zafi ne da doguwar rana. Saboda haka kuɗi ya fara tafiya kan inuwa da abin sanyaya abinci, sannan haske. Ado shi ne na ƙarshe, kuma shi ne mafi arha idan an san inda ake nemansa.

Wurin taro

Zaɓi uku ne a gaban yawancin mutane: bayan gida, rumfar wurin shaƙatawa na gari, ko zauren coci.

Bayan gida ba ya cin kuɗin haya, ga firji da banɗaki da wuta a kusa. Matsalarsa inuwa. Rumfar da ake naɗewa mai ƙafa 10 tsawo da 10 faɗi ita ce ta fi yawa a kantuna, kuma teburi ɗaya take rufewa da kujerunsa. Idan za ku saya, ku duba ƙafafunta. Mai miƙaƙƙun ƙafafu tana ba da cikakkiyar inuwa, mai karkatattu kuwa an auna ta ne daga ƙasa, rufinta bai kai abin da aka rubuta a kwali ba. Dole a ɗaura wa kowace ƙafa buhun yashi, domin hadarin yamma a jihohin gabas da kudu yakan taso ba sallama, iska ta ɗauke rumfa ta maka wa motar wani. Kuma rumfa ba mafaka ba ce idan ana tsawa, da an ji ta a shige ɗaki. Idan baƙi sun haura talatin, haya ta fi saye: kamfanin ne zai kafa babban tanti, shi zai kwance, ba ku da aikin neman wurin ajiya.

Rumfar wurin shaƙatawa tana da rufi na dindindin da teburori da murhun gashi, kuɗinta kuma da sauƙi. Amma ana kama ta ne da wuri ta hannun hukumar gundumar, ranakun Asabar na Yuli kuma su ne suke fara ƙarewa. Tambaya biyu kafin a biya: akwai soket na wuta? Ƙarfe nawa ake rufe wurin? Da yawa ana rufe su da faɗuwar rana, wato daidai lokacin da fitilu za su fara kyau.

Ni zauren coci nake zaɓa wa duk wanda zai tara dattawa da jarirai. Akwai na'urar sanyaya ɗaki, akwai kicin, kuma ana iya sakin labule a yi duhu tun da rana tsaka. Wanda ya nace sai a waje, ya fara taronsa bayan ƙarfe biyar na yamma.

Fanka ma sai an duba garin da ake ciki. Mai fesa ruwa tana aiki irin na randa: sai iska ta bushe ruwa ke tashi ya bar sanyi. A Arizona ko Nevada za ta yi amfani ƙwarai. A Houston ko Atlanta, inda iska ke cike da laima, jiƙa mutane kawai za ta yi. A can ku sayi babbar fankar ƙasa ta gargajiya, ku sa sauran kuɗin a ƙanƙara.

Abinci da kula

A nan ne nake son a fi tsayawa, domin a nan ake cutuwa. Ƙa'idar ma'aikatar noma ta Amurka a fili take: dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a waje, idan kuma zafi ya haura digiri 32 a ma'aunin Salshiyos, awa 1 ce tak. Mai sanyi ya zauna a digiri 4 ko ƙasa, mai zafi a 60 ko sama. A Disamba mutane sun saba a jera tukwane tun azahar ana ɗiba har dare. Wanda ya yi haka a Yuli da dafa-duka da salak mai ƙwai da mayonis ya ɗauko wa baƙinsa ciwon ciki. Shinkafa ma ba ta tsira ba, akwai ƙwayar cuta da ke jure dahuwa, ta hayayyafa idan shinkafar ta daɗe tana hucewa.

Talotalo ko gashi? Daskararren talotalo ana samunsa a manyan kantuna duk shekara, amma ku yi lissafi. Kowane kilo 2 yana buƙatar kwana ɗaya a firji kafin ya saki, don haka mai kilo 6 zai cinye muku wuri kwana uku, a makon da kuka fi buƙatar firjin. Sannan ya yi sama da awa 3 a tanda, gidan ya ɗau zafi. Idan dai sai an ga talotalo hankali zai kwanta, ku sayi ƙirjinsa kaɗai, ku gasa da daddare ana gobe biki, ku yanka shi da sanyinsa. In ba haka ba, tsire da gasasshiyar kaza sun fi dacewa da wannan wata, saboda ana gasawa ana ci, ba abin da ke zama. Ku sayi ɗan ma'aunin zafin nama, ba shi da tsada: kaza da talotalo sai cikinsu ya kai digiri 74. Shinkafa kuma a zuba ta a farantan ƙarfe masu ɗan wuta a ƙasa, a riƙa fito da ita kaɗan-kaɗan. Waɗannan farantai akwai na haya, akwai na yarwa masu arha.

Kula kuwa, wato akwatin da ake sa ƙanƙara a sanyaya abinci da abin sha, za ku tarar da iri biyu. Akwai masu kaurin bango irin su Yeti, da aka yi wa masu kwana da kwanaki a daji, suna riƙe ƙanƙara na tsawon lokaci, suna da nauyi da tsada. Akwai kuma na yau da kullum irin su Coleman da Igloo. Don bikin yini ɗaya, masu arha guda biyu sun fi mai tsada guda ɗaya, domin abin da ke narkar da ƙanƙara shi ne yawan buɗewa. Ɗaya ta abin sha, yara su buɗe son ransu. Ɗaya ta nama da salak, a ajiye ta a inuwa, uwargida kaɗai ke taɓa ta. Dunƙulen ƙanƙara ya fi ƙanana daɗewa, kuma gorunan ruwa da aka daskarar a gida suna yin aikin biyu, su sanyaya, in sun narke a sha. Busasshiyar ƙanƙara (dry ice), wadda sanyinta ya kai digiri 78 ƙasa da sifili, ku bar ta sai idan akwai askirim. Tana ƙona fata, ba a kulle ta a mazubin da iska ba ta fita, kuma ba a ɗaukar ta a mota tagogi a rufe.

Abin sha bai buƙatar dogon tunani. Zoɓo ja ne, kankana ja ce da kore, launin bikin ya samu ba tare da an sayi komai na musamman ba. Mutanen Jamaika da Tirinidad ma zoɓo ne abin shansu na Kirsimeti, don haka idan kantin kayan Afirka ya yi nisa, za ku same shi a na 'yan Karibiyan ko na 'yan Meziko. Kunun aya kuwa yana saurin lalacewa, sai dai a yi shi da safe ya wuni cikin ƙanƙara.

Fitilu

A birnin New York rana ba ta faɗuwa a ƙarshen Yuli sai bayan ƙarfe takwas na dare. Wanda zai tashi taro ƙarfe bakwai a waje, kada ya ɓata kuɗinsa kan fitilu, ya sayi jan ƙyalle da koren takardar ado da ke fitowa da rana.

Ga wanda zai kai dare, tsofaffin ƙwayayen fitila masu zare a ciki sun fi arha a kanti, amma igiya mai ƙwai 100 tana jan wajen wat 40, tana zafi, kuma ba a son a jona fiye da uku a jere. Na LED suna rage cin wuta da aƙalla kashi 75 cikin 100, ba sa ƙona hannun yaro, kuma za su sake aiki a Disamba. Su nake saye. Masu cajin rana suna samun rana isasshiya a Yuli, sun dace da wurin da babu soket, sai dai haskensu bai kai na sauran ba. Ku duba tambarin UL, kamfanin da ke gwada ingancin kayan lantarki, a jikin igiyar: kore na cikin ɗaki ne kaɗai, ja na ciki da waje. A waje kuma a jona su a soket mai yanke wuta da kansa idan ruwa ya taɓa, tunda akwai yara jiƙaƙƙu suna zirga-zirga ba takalmi.

Bishiya da sauran ado

Sararriyar bishiya ba ta Yuli ba ce. Gonaki a Nuwamba suke sara, kuma a bazara sabon tohonta yana da laushi, nan da nan yake yaushi. Idan kuna da ta roba a ajiye, ku fito da ita, magana ta ƙare. Idan babu, ku fara leƙa kantunan gwanjo irin su Goodwill da Salvation Army, ko Facebook Marketplace, inda masu ƙaura a bazara ke neman rabuwa da tasu. Mai son abu mai rai ya sayi ƙaramin icen Norfolk a tukunya, tsiron ƙasa mai ɗumi ne, zai ci gaba da zama a falo bayan biki, amma a ajiye shi a inuwa. Sabon kaya kuma, kantin Hobby Lobby kan fara jera na Kirsimeti tun bazara, ko da yake arha ta gaske sai daga 26 ga Disamba, ga mai shirin baɗi. A waje ƙwallayen roba za a rataya, na gilashi iska za ta fasa su a cikin ciyawa.

Dusar ƙanƙara ta bogi ita ce yara suka fi roƙo. Injin da ke feso ta kumfar sabulu yake yi, iska na kwashe ta, daɓe kuma ya yi santsi. Garin hodar da ake zuba wa ruwa ya kumbura ya zama kamar dusar ƙanƙara kuwa sinadari ɗaya ne da na cikin kunzugun jarirai, bai dace a bar wa mai rarrafe ba, kuma yana toshe magudana. Da kuɗin ɗayansu za a yi hayar injin kankare ƙanƙara, a cika kofuna a zuba zoɓo mai kauri a kai, wanda ya so ya dunƙula ya jefi ɗan'uwansa. Wannan ya fi duka biyun.

Cikakkiyar rigar Baba Kirsimeti, da gemu da takalmi, ku bar ta a kanti. Yadin mai kauri ne ba ya shan iska, kuma yawanci dattijo ake sa wa. Jar hula da jar riga mai gajeren hannu sun isa yara su gane shi.

Kyaututtuka

Kyandir da cakulan ba sa zuwa wannan biki lafiya. Cakulan tun kafin zafin jikin mutum yake narkewa, motar da aka bari a rana kuma zafin cikinta na ƙaruwa da wajen digiri 11 cikin minti 10. Cincin, tawul na wanka, gorar ruwa da bindigar ruwa ta yara sun fi. Amazon ta fara ranar rangwamenta ta Prime Day a Yulin 2015, kuma sauran manyan kantuna sukan karya farashi a daidai lokacin, don haka a jira a ga sanarwarsu kafin a sayi fanka da kula.

Coci-coci da yawa a Amurka suna mai da wannan rana ta tara gudummawa, kuma ina ganin ya kamata namu su ɗauka. Makarantu na komawa a Agusta ko farkon Satumba, iyaye na fama da jerin kayan da aka rubuto musu. Maimakon kowa ya sayo wa kowa kyauta, a rubuta a takardar gayyata cewa kowane gida ya zo da jakar makaranta ɗaya da littattafan rubutu da fensira a ciki, a tara a ƙarƙashin bishiyar, zumuntar mata ta raba wa iyalan da suka iso ƙasar a bana.