Kafin ka sayi na'urar GPS ta awon ƙasa a Jos, ka san inda siginarta za ta yanke

Kwanakin baya wani ƙanena a sana'a ya same ni a Farin Gada da takardun farashi uku daga dillalai uku. Ya ce, "Yaya, wacce zan ɗauka? Wannan an ce tashoshinta sun haura dubu." Na ce masa ya ajiye maganar tashoshi tukuna, ya gaya mini inda ayyukansa suka fi yawa: fuloti ne a cikin gari, ko gindin duwatsun Shere, ko gonakin dankali a Bokkos, ko bakin kududdufan kuza na Barkin Ladi? Kusan duk sabuwar na'ura tana ganin taurarin ɗan'adam isassu. Abin da ke zaunar da mutum a kan dutse har la'asar ba tare da ya ɗauki turke ko ɗaya ba, yawanci ba sama ba ce. Hanyar da saƙon gyaran kuskuren awo ke bi ya iso hannunsa ce ta yanke.

Igiya uku ce ke riƙe da aikin. Ta farko daga taurarin ɗan'adam zuwa eriya, tafiyar kimanin kilomita 20,000, don haka siginar ke isowa a raunane. Ta biyu ita ce gyaran da ke zuwa daga wata na'urar da ke zaune a kan sanannen turke, ta rediyo ko ta intanet. Ta uku ita ce Bluetooth tsakanin na'urar da ke kan sandar awo da kwantirola ko wayar da ke hannunka. Wanda ya ce "ba sigina" bai faɗi komai ba sai ya faɗi wacce ta tsinke, kuma da wannan ma'aunin ya kamata a yi ciniki.

Ƙaramar na'urar hannu irin Garmin eTrex, ko wayar salula, ba ta da igiya ta biyu kwata-kwata, shi ya sa ba ta ba da wahala. Kuskurenta mita 3 zuwa 5 ne a buɗaɗɗen fili. Ta isa a yi alamar rijiyar burtsatse, a zagaya gona a san faɗinta a ƙiyasce, ko a koma inda aka ɗebi samfurin dutse. Ba ta isa a kafa turken iyaka ba, kuma awon da za a kai PLAGIS, hukumar taswira da rajistar filaye ta Jihar Filato, aikin safiyo ne mai rajista da SURCON, hukumar da ke wa safiyoyi rajista a Najeriya. Idan ita za ka saya, ƙara kuɗi ka ɗauki mai zango biyu, wato mai jin siginar tauraro ta mitoci biyu, irin GPSMAP 65 ko 67.

Maganar zango ta fi muhimmanci a wurinmu fiye da yadda 'yan kasuwa ke faɗi. Sigina na ratsa wani sashe na sararin sama mai cike da caji, wanda ke jinkirta shi. Na'ura mai jin zangon L1 kaɗai ba ta iya auna wannan jinkiri da kanta, mai jin L1 da L2 ko L5 kuwa tana kwatanta biyun ta cire mafi yawansa. Najeriya na yankin da wannan sashe ya fi rikicewa a duniya, musamman daga Magariba zuwa tsakar dare, kuma abin ya fi tsanani a Maris da Afrilu da kuma Satumba da Oktoba. Na sha ganin na'ura mai lafiya ta kama tun safe, ana kiran sallar Magariba allon ya koma Float, wato awon bai kama daidai ba, ya ƙi tashi. Wannan ba lalacewa ba ce, kada ka mayar wa mai shago. Abin nema shi ne wadda ke jin GPS na Amurka da GLONASS na Rasha da Galileo na Turai da BeiDou na Sin gaba ɗaya, domin in wasu taurari sun kuɓuce wasu su riƙe, sannan ka tsara aikinka ka gama da rana. Hazon hunturu da ruwan sama, waɗanda aka fi zargi, ba sa tare siginar taurari yadda ake zato. Tsawar daminar Jos ita ce abin tsoro ga mai riƙe da sanda a kan tudu.

Yanzu ga babban zaɓin. Na farko, na'ura biyu, ta zaune da ta yawo, waɗanda muke kira bes da roba, suna magana ta rediyon UHF tsakanin megahaz 410 da 470. Ba ruwanka da sabis, ba ruwanka da data. Amma rediyon nan kusan sai an ga juna yake aiki, kuma Jos gari ne na duwatsu. Wata rana a gefen Lamingo mun kafa bes a kwari kusa da mota don sauƙin ɗaukar kaya. Ba mu yi kilomita biyu ba muka zagaya bayan wani katon dutse. Taurari sun haura talatin a allo, amma lambar da ke nuna tsufan gyara ta fara hawa, daƙiƙa biyar, goma, ashirin, fitilar rediyo ta daina ƙiftawa. Yaron da ke riƙe da sanda ya ce, "Oga, tauraro ya ɗauke." Na nuna masa cewa taurari na nan, muryar bes ce ba ta tsallake dutsen ba. Muka koma muka hau da ƙafa-uku kan tudu, muka ɗaga eriyar rediyo a doguwar sanda, kafin ya gama ɗaure takalminsa allon ya rubuta Fix, wato awon ya kama daidai. Wanda ya sayar mana da ita kilomita takwas ya yi mana alkawari. A shimfiɗaɗɗen fili wataƙila ta kai.

Saboda haka ka tambayi ƙarfin rediyon ciki, wanda yawanci wat 1 ne ko 2, ka tambaya ko akwai ramin haɗa rediyon waje mai wat 35 da batirin mota, ko na'urar za ta iya zama mai maimaita saƙo a kan tudu. Tsayin eriya ya fi ƙarin wat amfani sau da yawa. Idan kuma kana son sabuwar roba ta ji tsohon bes na wani kamfani, dole lambar tasha da yaren rediyo, irin TrimTalk ko Satel, da saurin aikawa su zama ɗaya, kuma bes ya riƙa aika RTCM 3, tsarin saƙon gyara da na'urorin kamfanoni daban-daban ke ganewa. Emlid Reach RS2 da rediyon LoRa take aiki, ba za ta ji UHF ba sai da rediyon waje. Mutane da dama sun saya kafin su san haka.

Zaɓi na biyu, roba ɗaya tal mai karɓar gyara ta intanet, wato NTRIP, daga tashar dindindin. Ta fi araha, mutum ɗaya ya isa, ba mai gadin bes. Ofishin Babban Safiyo na Tarayya ya fara kafa irin waɗannan tashoshi, NIGNET, tun 2008, akwai kuma na 'yan kasuwa da ake biya. Sharuɗɗa biyu ne. Sai akwai sabis a inda kake tsaye, sannan sai tashar na kusa kuma tana aiki a ranar. Kuskure na ƙaruwa da kimanin milimita 1 a kowace kilomita, kuma in tazara ta wuce kilomita 30 zuwa 40 kamawa kan yi wuya, balle a sararin samanmu. A Rayfield ko Bukuru wannan tsari na da daɗi. A kwarin da waya ke nuna sanda ɗaya, zama za ka yi. Data kaɗan take ci, yankewa ce matsalar, don haka ka riƙe layi biyu na kamfani daban-daban, ka kuma tabbatar na'urar na karɓar intanet daga wayarka. Ni dai ga mai aiki a Filato, na fi son na'ura biyu masu rediyo da gurbin sim duka, ko da zai jira wata shida ya cika kuɗin.

Akwai gyaran da ke saukowa kai tsaye daga tauraro. Na Trimble RTX biya ake yi, Galileo HAS kuwa kyauta ne tun Janairun 2023 ga na'urar da ke jin zangon E6 na Galileo, sai dai daidaitonsa wajen santimita 20 ne kuma sai an jira. Ya dace da taswirar ma'adinai, bai dace da turken fuloti ba. Abin da ba zan sayi na'ura babu shi ba shi ne adana ɗanyen bayani a RINEX, tsarin fayil da manhajojin lissafin awo ke karantawa. Ranar da komai ya yanke, ka bar ta ta zauna sa'o'i a kan turke, ka dawo ofis ka aika wa shafukan intanet na AUSPOS ko CSRS-PPP su lissafa kyauta.

Wani lokacin kuma allon na nuna Fix amma turken ya kauce da kusan mita 100. Wannan ba sigina ba ce, ma'aunan taswira biyu ne suka haɗu, tsohon na Najeriya wato Minna, da na GPS wato WGS84. Tsofaffin takardunmu a kan ma'aunin Minna suke, Jos kuma a shiyya ta 32 ta tsarin taswira na UTM. Ka sa mai shago ya nuna maka inda ake sauyawa a manhajar.

Idan wadda wani ya taɓa amfani da ita za ka saya, duba ko modem ɗinta na jin 4G, ko lambar rajistarta ta dindindin ce ko ta wata uku ce da za ta kulle, ko ta samu sabunta manhaja bayan juyawar makon GPS ta 6 ga Afrilun 2019, ranar da ƙirgen makonnin GPS ya koma sifili, da kuma ko akwai mai gyara da batir a ƙasar nan.

Na raka ƙanen nawa gwaji kafin ya biya. Mun auna sanannen turke da safe, muka tsaya jikin gida mai rufin kwano inda sigina ke dawowa kamar amsa-kuwwa, muka rufe eriya da hula muka ƙirga daƙiƙun da ta ɗauka ta sake kamawa. Bluetooth ya yanke sau biyu, muka gano wayarsa ce ke kashe manhajar don tattalin batir, muka cire wannan saitin. Da la'asar muka koma turken safe, bambancin bai kai santimita 2 ba. Ya ɗauki ta tsakiya a farashi, ragowar kuɗin ya sayi rediyon waje da batir biyu.