Ciyawar daurin inji da na saya wa shanuna, daga hunturu har bazara

Masu kiwo a gida, musamman irinmu masu 'yan shanu biyar shida da ba mu da halin tura su cin rani, ga abin da na gani game da busasshiyar ciyawar nan da inji yake daurewa dami dami. A wata gona mai zaman kanta na saya, can hanyar Zariya zuwa Funtuwa. Yankin dama an san shi da harkar ciyawa saboda cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI ta jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, amma wannan gonar ba tasu bace, ta wani bawan Allah ce da yake noma ciyawar yana sayarwa. Ta biya kudinta? Eh ta biya, amma fa sai ka bude ido wajen saye.

Shanuna shida ne, Bunaji hudu biyu daga ciki ana tatsa, sai karsana daya da dan bijimi Bokolo. A da in an gama girbi sai a sake su a gonaki su ci kara da ragowar harawa har wajen Janairu, yanzu kowa kwashe karansa yake ya dora a bishiya ko ya sayar, fadama masu noman rani sun shuke, dan abin da ya rage a daji kuma a cinna masa wuta wajen farautar gafiya. To daga Disamba sai ka ga saniya ta fara zubewa a gabanka, kafin Afrilu kana iya kirga hakarkarinta daga nesa.

Damin nasu mai kusurwa hudu ne, igiya biyu, mutum daya zai daga ya dora a kai. Ba irin manyan nan masu zagaye ba da ake gani a gonakin Turai da Amurka wanda sai tarakta ke dagawa, wadannan ai ba namu bane, ina mai shanu shida zai kai su. Yawanci gamba ce da harkiya a hade, sannan suna da damin lablab daban, wani irin wake ne da ake nomawa don dabbobi, wanda ya fi tsada.

Lodin farko gaskiya ya burge ni. Kana yanke igiya sai damin ya bude falle falle, waje ya dan kode saboda rana amma ciki kore shar, ganye ya fi kara yawa, ga kamshi mai dadi, ba kasa ba tsakuwa ba karangiya. Duk wanda ya saba sayen ingirici a buhu a kasuwa ya san yadda ake cika kasan buhun da rairayi da dattin shara, nan babu wannan. Ga shi ba ya cin wuri, abin da a-kori-kura daya ta kawo in da sakakkiyar ciyawa ce sai tayi sawu uku ko fiye, kuma iskar hunturu ba ta kwashe maka ita ta watsa a gidan makwabta.

Matsala ta farko ita ce da dami suke sayarwa ba da nauyi ba. An ce min kowane dami yana kai kilo 18, da na ari sikelin masu awon hatsi na dora sai na ga wani 17, wani 15, wani ma 12 ne saboda injin bai matse shi ba, kuma kudinsu daya. Wannan ba karamin abu bane in kayi lissafi. Saniya tana cin busasshen abinci kusan kashi 2 da rabi cikin 100 na nauyinta a rana, wato mai kilo 300 tana bukatar wajen kilo 7 zuwa 8. Shanu shida kenan kilo 40 da wani abu kullum, dami uku in masu kilo 15 ne. Daga Disamba zuwa karshen Mayu wata shida, ka ga ana maganar dami sama da 500 in a kanta kadai za ka dogara, to in kowane dami ya yi gibin kilo 3 ka lissafa da kanka nawa ka biya na iska. Ni dai rabin abincinsu na dora a kanta, sauran kara da harawar da na tara tun kaka.

Na biyu kuma shi yafi damuna, lodin da suka kawo daga baya yankan karshe ne, gambar ta riga ta fitar da kai ta tsufa kafin a yanka, duk tayi ruwan dorawa kara yayi kauri kamar tsintsiya. Shanu sai su tsince dan ganyen su bar maka karan a komi. Ciyawa in ta tsufa sinadarin gina jikin da ke cikinta sauka yake yi sosai, kuma in abincin saniya ya gaza kusan kashi 7 cikin 100 na wannan sinadari tumbinta ba ya iya narka shi da kyau, sai ka ga ciki a cike tana ta tuka amma tana ramewa, kashin ya fito a bushe dunkule dunkule. Haka na gani a masu tatsar nan biyu, nono ya ja baya cikin 'yan kwanaki. Da na kara masu harawar wake da ta gyada, da dusa da dan angurya da yamma, sai suka dawo har ma suka fara cinye karan da suke bari a da. Don haka kar wani ya ce maka ciyawar nan ita kadai ta isa, tana rike rai tana cika ciki, amma nono da kiba sai da harawa ko lablab a gefe. Damin lablab din nasu kam ba ni da abin cewa, ko ganye daya ba sa bari.

An kuma samu 'yan dami a kasan lodi da aka daure da danshi, ka tura hannu ciki ka ji dumi, ga farar funfuna tana tashi kamar kura in ka girgiza. Wadannan ban ba su ba ko kadan, don funfuna tana iya sa saniya mai ciki bari, kuma dami mai danshi in aka jibge shi da yawa yana daukar zafi har ya kama wuta da kansa. Na kira mai gonar na gaya masa, bai yi musu ba, cewa yayi "Alhaji kayi hakuri, ruwan karshe ne ya same mu a fili, ka ware su za a canza maka." Kuma ya canza din a lodi na gaba ba tare da ya kara ko sisi ba. Wannan na yaba masa sosai, don ba kowa ke yi ba. Sai dai direbansu baya cika alkawarin lokaci, a ce maka da safe sai bayan la'asar, ga yaran da ka tara don sauke kaya suna zaune kana biyansu.

Dan Allah duk wanda zai saya ya kula da igiyar nan, ta roba ce, kana yankewa ka zare ta gaba daya ka rataye a kusa kar ka bari ta fadi cikin komi. Saniya hadiyewa take, kuma ba ta narkewa, je ka tambayi mahauta irin leda da igiyar da suke cirowa a tumbi. Kuma kar a zuba ciyawar a kasa, suna tattakewa su yi fitsari a kai shikenan ba za su kara kallonta ba. Ni duro na sa aka raba biyu aka yi masa kafa, ana zuba masu safe da yamma daidai wanda za su cinye, barnar ta ragu sosai. Ruwa kuma ya zama a wadace don busasshen abinci yana sa kishi, a zafin Afrilu mai tatsa daya tana iya shanye sama da lita 40, ga kanwa ko gishirin lasa a ajiye masu.

Wajen ajiya gara ce babbar abokiyar gaba. Ka jera duwatsu ka dora katako kafin ka jera dami, tampol a sama amma ka bar gefe iska na shiga, kuma nesa da madafa.

Farashi tashi yake kullum, abin da za ka saya a Nuwamba kafin Maris ya yi sama sosai kuma mai kyan ya riga ya kare, ragowar ake sayar maka. Na riga na gaya wa mai gonar cewa bana tun Oktoba zan zo, yankan farko nake so, rabi ciyawa rabi lablab, kuma da sikeli zan zo mu auna a gabansa. Ya ce ya yarda.