Ruwa da Sauro a Lokacin Zafi: Yadda Ake Yi a Garuruwan Kewayen Dalas

Assalamu alaikum, 'yan uwa na gida. Ga bayani kan yadda ake fama da ruwa da sauro lokacin zafi a garuruwan da ke kewaye da birnin Dalas na jihar Teksas a Amurka, irin su Plano, Frisco da Garland.

Ruwan famfo ba ya ɗaukewa a nan, ba a jiran 'yan garuwa. Sai dai kowane gida da mitarsa, kuma farashin hawa-hawa ne: da zarar ka wuce wani adadi a wata, sai kuɗin kowane galan dubu ya ƙaru. A Yuli da Agusta zafi kan kai digiri 38, kuma ciyawar ƙofar gida ce ke shanye ruwan da ke kumbura takardar biya.

Shi ya sa aka kafa doka. A Dalas, daga 1 ga Afrilu zuwa 31 ga Oktoba, ba a kunna injin fesa wa ciyawa ruwa tsakanin ƙarfe 10 na safe da 6 na yamma, domin rana za ta busar da shi kafin ya kai saiwa. Sau biyu kawai aka yarda a mako: gidan da lambarsa ta ƙare da 0, 2, 4, 6 ko 8 yana da Lahadi da Alhamis, sauran kuma Asabar da Laraba. Garuruwan kewaye kowanne da jadawalinsa, wasu sun haɗa shi da ranar kwashe shara. Wanda ya saɓa, tara na iya hawa kansa.

Ciyawa ba ta bukatar ruwa fiye da zurfin inci ɗaya a mako, wato santimita biyu da rabi, har da ruwan sama. A jera gwangwanayen kifi marasa komai a filin, a kunna injin minti 15, a auna abin da ya taru, sai a lissafa. Inda baƙi suka fi kuskure shi ne ƙasar nan yumɓu ce, ba ta shan ruwa da sauri. In an bar injin rabin awa a jere, titi ruwan zai bi. Gara a ba shi minti biyar, a dakata kamar awa guda, a sake. A cikin gida kuma a duba tankin masai: a ɗiga kalar abinci a ciki, a jira minti 10 ba tare da an ja ruwa ba. In kalar ta bayyana a kwanon, robar da ke toshe tankin ta mutu, kuma hakan na iya zubar da galan 200 a rana.

Ruwan da ya gangara titi kuwa kwata yake shiga ya kwanta, nan ne sauro ke ƙyanƙyasa. Wannan ne abin da ya kamata mai gida ya fi riƙewa. Ba zazzaɓin cizon sauro ake tsoro ba a nan, cutar Wes Nayil ce da sauro ke yaɗawa, wadda ta shigo Amurka a 1999, ta kuma yi ɓarna a yankin Dalas a 2012 har aka yi feshi da jirgin sama. Yawancin waɗanda suka kamu ba sa jin komai, amma takan taɓa ƙwaƙwalwa, musamman ga tsofaffi, kuma babu allurar rigakafinta ga mutane. Hukuma na ɗana tarkon sauro, ta gwada su, in an sami cutar sai a sanar da unguwa, mota ta yi feshi da daddare.

Ba a cika ɗaura gidan sauro ba, tagogi duk da ragar waya. Aikin a tsakar gida yake. Daga ƙwai zuwa sauro mai cizo kwana bakwai zuwa goma ne, don haka kowane mako a kifar da bokiti, farantin ƙarƙashin tukunyar fure, tsohuwar taya da kayan wasan yara, a goge cikinsu domin ƙwai na mannewa, a kuma share indararo. Ruwan da ba ya zubuwa a jefa masa Mosquito Dunks, wani dunƙulen magani da ake sa wa ruwa: guda ɗaya na kashe tsutsar sauro tsawon kwana 30, ba ya cutar da kifi ko tsuntsu.

Tarukan gari, irin su wasan wuta na 4 ga Yuli (ranar 'yancin kan Amurka) da kiɗa a filin shaƙatawa, galibi kyauta ne, kuma da magariba ake yin su, daidai lokacin fitar sauron. A sa riga mai dogon hannu, a shafa maganin korar sauro mai sinadarin DEET ko picaridin. Jaririn da bai kai wata biyu ba kada a shafa masa, a lulluɓe kekensa da raga.